Famfo Mai Gunaguni

Duk garejin ba wanda bai san motar Tsoho ba. Ita kaɗai ce ke shigowa da tururi a gaba maimakon hayaƙi a baya. Ranar ma haka ta shigo, bonet na huci kamar murfin tukunya, Tsoho ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, matarsa a gefe ta toshe hanci da bakin mayafi.

Fiyus ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu a wando. Jikansu ne, mai gyaran wayar mota, kuma sunan ya same shi ne don ba a taɓa shi sau biyu bai yi tartsatsi ba.

"Amarya!" ya leƙa ta tagar kakarsa. "Na ce ki rabu da tsohon nan ki dawo gidana, kin ƙi. Ga shi nan zai dafa min ke a hanya."

"Rufe min baki, miji marar cefane," in ji Kaka. Tun ciwon da ya taɓa mata ɓarin hagu bara maganarta ta ɗan yi nauyi, amma kaifin bakin yana nan yadda yake.

"Kai ja'iri, bar min mata ka duba mota," in ji Tsoho.

Sai da inji ya huce suka buɗe. Ba a daɗe ana nema ba. Famfon ruwa ne, wanda ke tura ruwa daga lagireto ya zaga inji ya dawo. Boris ɗinsa, wanda sandar famfon ke juyawa a ciki, ya tafi, fukafukansa na ciki kuwa tsatsa ta cinye su, sai ɗan guntu-guntu kamar haƙoran Tsoho. Fiyus bai fasa faɗa masa hakan ba.

Matsalar ita ce motar ta girmi Fiyus da kansa. An daina ƙera famfonta tun yana rarrafe, na kasuwa kuwa jabu ne, ka sa yau ka dawo kana kuka kafin taya ta yi datti.

"Na lantarki za mu sa mata," in ji shi, ido na ƙyalli. Ya daɗe yana neman motar da zai gwada wannan aikin a kanta. "Tsoho, saurara. Naka na da, fambel, bel ɗin nan na gaban inji, ke juya shi. Inji ya yi gudu ya yi gudu, inji ya yi sanyi ya yi sanyi. To a gosulo fa, lokacin da mota ta fi jin zafi? Lokacin ne shi kuma yake barci. Na lantarki ba ruwansa da wannan, batir yake bi. Kuma ga babban daɗin." Ya juya wajen Kaka, ya ɗaga murya yadda duk gareji zai ji. "Wannan zaman da kuke yi a ƙofar gida kullum, mota a kunne tana silo, wai kuna jira inji ya huce? Ya ƙare. Silon nan ma shi ke dafa ta. Yanzu kashewa za ka yi, ka zare makulli, ku fice abinku. Famfo zai ci gaba da aikinsa shiru, ko sauro ba zai ji shi ba."

Ya tsaya yana jiran a yaba masa. Tsoho ya tsura wa lagireto ido. Kaka ta mai da fuska ɗaya tagar.

Fiyus bai kawo komai a ransa ba. Tsofaffi ne, in ka ce musu sabon abu sai su yi kamar ka zage su. Ya ari motar abokin aikinsa, aka taimaka wa Kaka ta koma ciki, ya kama hanyar kai su gida yana zuba surutu.

Layinsu ƙarami ne, kuma da yamma kowa na waje. Mai shago na kan bencinsa, mai ɗinki ta fito da kekenta bakin ƙofa, yara na buga ƙwallo da bango. Fiyus ya taka birki, ya kashe mota, ya yi tsalle ya zagayo, ya wangale ƙofar Kaka har da rusunawa.

"Ranki ya daɗe, an iso. Fito a ga amarya!"

Tsoho daga kujerar baya ya ce, "Kai, dakata," amma bakin Fiyus ya riga kunnensa.

Kaka ta sauke ƙafar dama. Ta kama cinyar hagu da hannu ta ja. Ƙafar ta ƙi. Ta sake ja, ta dafa ƙofa ta yunƙura, sai ta tafi gaba ɗaya kamar buhu. Fiyus ya tare ta da ƙirji. Kafin ya ce wani abu mai ɗinki ta taso da gudu, mai shago ya taso, wata maƙwabciya ta fito da hannu duk kumfa, kowa na sannu, kowa na kama inda ya samu. Ƙwallo ta tsaya. Haka aka ɗauke ta cak, takalminta ɗaya a ƙasa, wani yaro ya biyo su da shi.

Matar da ko atishawa ka yi sai ta samo maka amsa, har aka ajiye ta a kujera ba ta ce uffan ba. Da Fiyus ya ce, "Amarya, ashe kin yi nauyi haka," don dai a yi dariya, sai ta dube shi kawai ta ce, "Ja min ƙofar."

Washegari ranar gashin ƙafar Kaka ce a asibiti. Da hantsi sai ga Tsoho a gareji, shi kaɗai, ya sauko daga motar haya. Ya sami tsohuwar taya ya zauna.

"Kakarka ta ce ta gama fita," in ji shi. "Ba gashi, ba gidan kowa. Ta ce ba za a riƙa ɗaukarta a titi kamar kayan wanki ba. Mai gashin kuwa ya gaya mana tun farko, in ta daina zuwa ƙafar za ta sandare, shi ke nan sai kwanciya."

"To ai jiya tsautsayi ne. Kullum ba ita ke fita da ƙafarta ba?"

"Kai da kake ganin kanka gwanin mota." Tsoho ya girgiza kai. "Na yi tuƙi tun ubanka bai san hanyar makaranta ba. Kana zaton ban san silo ba ya sanyaya wannan motar ba? In kakarka ta zauna a mota ƙafar mutuwa take yi. Sai ta yi ta murza gwiwa a ƙarƙashin mayafi, ta motsa yatsu, kafin ta dawo. Ranar farko da muka dawo daga asibiti na ga tana kokawa da ita, ga mutane sun zuba ido. Sai na ce, kar ki buɗe, inji bai huce ba. Na faɗa da ƙarfi. Tun daga nan duk layin suka san motar Tsoho sai ta huce ake fita. Suna min dariya, ni da akwalata. To su yi ta yi. Ni ake wa dariyar ai."

Fiyus ya sunkuyar da kai. Abokan aikinsa da sun ga wannan da sun ce a kira likita.

"Kai kuma jiya ka tsaya a gabanta ka ce zaman ya ƙare," in ji Tsoho. "Sannan ka nuna mata yadda ƙarewar take."

Fiyus ya ɗauki ruɓaɓɓen famfon yana jujjuya shi a hannu. Ya tuna duk lokutan da ya wuce su a ƙofar gida yana ƙwanƙwasa gilashi yana cewa, masoya, a bar wa yara soyayya mana. Kunya ta kama shi har wuya.

"Tashi mu je wajen Orijina," ya ce.

Orijina mai sayar da kayan gyara ne. Ko ƙusa ka tambaya zai rantse maka orijina ce, shi ya sa sunan ya bi shi. Shagonsa dogo ne siriri, kwalaye har rufi, sai ka bi a karkace. Da ya ji abin da suke nema ya sauko da kwalaye uku ya jera a kan kanta.

Na farko ɗan ƙarami ne kamar gwangwanin madara. Fiyus ko ɗaga shi bai yi ba. "Wannan ɗan taimako ne, ana haɗa shi da wani. In ka bar masa inji shi kaɗai, kafin ka kai bakin titi ya shaƙe." Ya zaro guntun tiyon da ya yanko daga motar ya gwada a bakin sauran biyun. Duka sun zauna daidai. Ya karanta jikin kwali ya ga yawan ruwan da kowanne ke turawa, ya yi lissafin girman injin a ka, duka sun isa har da rara. Ya duba wutar da suke ja, domin cajin motar Tsoho ba na saurayi ba ne. Nan ma ba laifi.

"To ka ga wannan," Orijina ya shafa na tsakiya kamar mai shafa jariri. "Da ƙwaƙwalwarsa yake zuwa. Yana jin zafin ruwa da kansa. Ka kashe mota, in da zafi ya yi aiki, in babu ya tsaya nan take. Kuma shiru, wallahi ko ka kwanta a kansa ba za ka ji ba. Shi ka zo jiya kana lashe baki a kai."

Gaskiya ne. Fiyus ya dube shi yadda ake duban yarinyar da aka riga aka sa wa rana da wani.

"Na ƙarshen fa?"

"Shi ma orijina ne, yana da ƙarfi, ba ya mutuwa. Amma ba zan ɓoye maka ba, yana da gunaguni. Mutum biyu sun dawo min da shi."

"Kawo bokiti da ruwa."

"Bokiti kuma?"

"Ba a kunna famfo a bushe, kai ma ka sani. Da batir."

Suka fito bakin shago. Fiyus ya sa tiyo, ya tsoma, ya ɗana wa mai ƙwaƙwalwar waya. Ruwa ya fara zagayawa, ba sauti, sai ɗan rawa a hannu. Ya cire ya ɗana wa ɗayan. Nan take ya kama wani gurnani, ƙasa-ƙasa, kamar tsohon da aka hana goro.

"Tsoho, matsa can wajen turken wuta. Kana ji?"

"Me?"

"Na ce kana ji?"

"Kai nake ji, kamar kullum!"

"Bar shi, kunnensa ya yi ritaya," in ji Fiyus. Ya kira wata mai sayar da ruwa da ke tsallaken titi ya tambaye ta. Ta ce tana ji mana, ta zaci firji ne. Fiyus ya tafa hannu. "Shi za mu ɗauka."

Orijina ya dube shi, ya dubi Tsoho. "Yau na ga abu. Kowa na zuwa neman wanda ba ya ƙara, ku kun zo neman ƙara. Lafiya kuwa?"

"Maƙwabta muke so su ji mun yi sabon abu," in ji Fiyus. "Sa min da rile mai lokaci, da fiyus, da maɓalli ƙarami, baƙi, wanda ba ya ɗaukar ido."

"Duka orijina," in ji Orijina.

A gareji ne suka ci karo da abin da Fiyus bai hango ba. Ya riga ya cire ragowar fukafukan tsohon famfo don kar su tare hanya, ya mai da shi mazauninsa, ya ɗaure sabon a ƙasa, kusa da gindin lagireto, inda ruwa zai riƙa sauko masa da kansa. Ya cika ruwa, ya bar iska ta fita har kumfa ta daina tasowa. Saura ya saita rile, wanda zai bar famfo yana aiki bayan an zare makulli. Ya ɗago kai.

"Minti nawa ƙafar take ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Kamar ya ba ka sani ba? Shekara guda kana wannan aikin."

"Ni agogo nake kallo? Wata rana nan da nan, wata rana in an gasa ta da yawa sai mu gama zancen jikoki kaf, har da kai, ka ga kuwa an daɗe. Hannunta nake kallo. In ta ɗora shi a kan mariƙin ƙofa, ƙafa ta dawo. Sai in ce, to, ya huce, in kashe."

Fiyus ya sosa ƙeya da sukundireba. "Rile dai ba shi da ido."

"To ka sa masa."

"Na riga na sayo masa, ai kai ne idon." Ya ɗaga ɗan baƙin maɓallin. Da ma ya saye shi ne don ko ta-kwana, ashe shi ne aikin gaba ɗaya. Ya saita rile a dogon lokaci, iyakar abin da batir zai ɗauka ba tare da ya kwana da yunwa ba, ko da Tsoho ya manta. Maɓallin kuwa ya ɓoye shi can ƙarƙashin sitiyari, ta gefen ƙofar direba, inda Kaka ba za ta gani ba. "Ka ga hannunta a ƙofa, ka lallaɓa ka danna. Gunaguni ya tsaya. Kai ba ka yi komai ba, famfo ne ya gama."

Tsoho ya shiga ya gwada. Sai da ya sunkuya sosai, har da ɗan nishi, kafin yatsansa ya kai. Ya danna, shiru. Ya yi murmushi da guntayen haƙoran nan nasa.

"Ashe kan naka ba surutu kaɗai ke ciki ba."

Saura babban aikin. Fiyus ya sami Kaka a ɗaki, labule a sauke da rana tsaka, sandarta jingine can nesa da ita kamar sun yi faɗa.

"Amarya, na zo da ƙara."

"Kai ta wajen uwarka."

"Mijinki ne ya cuce ni. Na zaɓo masa famfo na zamani, ya ce shi sai mai gunaguni irinsa. Yanzu ga shi mun sa, kuma wannan yana da doka. In an kashe mota sai ya gama zagaya ruwa. Duk wanda ya buɗe ƙofa kafin ya yi shiru, ba ruwana, kar a zo min da kuka."

"Ba kai ka ce zama ya ƙare ba?"

"Na faɗa. Bakina ne, kin san shi, ba ya jiran kaina."

Ta daɗe tana kallonsa. Fiyus ya ji kamar ana karanta masa wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda zai taɓa ƙofar?"

"Ko ni. Wanda ya matso, ni da shi ne."

Can ta ce, "Miƙo min sandar nan. Kuma ka daina tsaya min a ka kamar bashi."

Ranar gashi ta gaba ya bar aikinsa ya bi su, ya zauna a baya, wai yana sa ido a kan allurar zafi. Allurar kuwa ta yi zamanta a tsakiya, har cikin gosulo ba ta motsa ba, amma bai sami bakin yin alfahari ba. Da suka shawo kwanar layin a dawowa, kowa na inda yake. Mai ɗinki na ganin motar ta miƙe tana gyara ɗankwali, mai shago ya ajiye rediyonsa.

Tsoho ya kashe mota. Gunaguni ya tashi daga ƙarƙashin bonet.

Fiyus ya zuro kai ta taga. "Jama'a, a dakata! Kar wanda ya taɓa motar nan! Ba ku ji famfo na aiki ba? Sabo ne, a buɗe ƙofa yanzu a ja min asara!"

"Wai har yanzu akwalar nan ba ta daina mulki ba?" in ji mai shago. Aka yi dariya, ya koma bencinsa. Mai ɗinki ta koma kan kekenta. Ƙwallo ta ci gaba da dukan bango.

A cikin mota Tsoho ya gyara zama ya ce, "Ɗazu kina ba ni labarin matar nan ta gadon kusa da ke." Kaka ta ɗora daga inda ta tsaya, wai matar ta zo gashi da janbaki kamar mai zuwa biki. Daga kujerar baya Fiyus na hango mayafinta yana motsi a hankali a kan gwiwa. Ya kawar da kai ya kalli ƙwallo. Bai taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba tun da aka yaye shi.

Can hannunta ya tashi ya sauka a kan mariƙin ƙofa. Tsoho ya yi kamar zai sosa ƙafa, ya sunkuya, ya yi ɗan nishinsa. Gunaguni ya ɗauke.

"To, ya huce," in ji shi.

Kaka ta buɗe. Ta sauke dama, ta sauke hagu, ta kafa sanda, ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta dubi mai ɗinki ta ce, "Ke, rigar tawa sai na mutu za a ɗinka?" Ta wuce ciki a hankali, da ƙafarta.

Tsoho ya tsaya buɗe bonet don ya nuna wa mai shago sabon famfo. Fiyus ya bi Kaka da jakarta. A soro ta tsaya tana mai da numfashi, ta yafito shi da yatsa. Ya sunkuyo.

"Abin nan da ka ɓoye masa a ƙarƙashin sitiyari," ta ce ƙasa-ƙasa, "ka ɗago masa shi sama kaɗan. Bayansa na ciwo in ya sunkuya."

Ta ɗaga masa yatsa.

"Kuma in ka gaya masa na ce, na sake ka."

"Amarya, ai ni ke da sakin."

"A gidan ubanwa?" Ta ƙwace jakarta ta rataya, ta ci gaba da tafiya.

Ya fito waje yana lalube aljihu. Sukundireban na nan. Tsoho na can ya dage yana wa mai shago bayanin gosulo da batir, kalma a kan kalma yadda ya ji a bakin jikansa, kamar shi ya ƙera famfon.

"Tsoho, ba ni makulli," in ji Fiyus. "Akwai wayar da ban ɗaure da kyau ba."